Babbar Rigata da Jan Maɓalli

Ko na so, ba zan taɓa mantawa da wata Ƙaramar Sallah ba. Ni injiniyan lantarki ne a wani ɗan kamfani kusa da garin Largo, can ƙasar waje. Muna haɗa akwatin da ke karɓar wutar da kumbo ke samu daga hasken rana, ya ɗaga ƙarfinta, ya miƙa wa injin da ke tura kumbon a sararin samaniya. Kafin a sayi irin wannan akwati, sai ya yi makonni yana aiki ba tsayawa. Ya ɗauke ko na ƙiftawar ido, to an koma farko.

Namu saura ƙiris ya gama, masu saye suka ce za su zo gani, ranar kuwa ta faɗo ran Idi. Ni ne mai bayani.

Muna saukowa daga Idi maiɗakina ta ce, "Baban Hanifa, ka tsaya ka sake kaya mana."

Na ce, "Haba, yau fa Sallah. Bari su ga ado." (Gaskiya sabuwar shaddar ce ta hau mini kai.)

Na shiga ɗakin da muke lura da gwajin ina ƙamshin turare. Baƙi suka yaba rigar, kaina ya ƙara girma. Ina cikin bayanin yadda akwatinmu bai taɓa ɗaukewa ba, sai hannun rigar ya zamo. Na wurga shi kafaɗa kamar yadda kowane mai babbar riga ke yi, har da ɗan salo. A bayana kuwa akwai jan maɓallin da ke kashe komai in an shiga haɗari.

Ji kake ƙas! Shuɗin hasken injin da muke kallo a allo ya ɓace.

Wani baƙo ya ce, "Wannan ma cikin gwajin ne?"

Sai shugabar kamfaninmu ta miƙe. Ta matso, ta zare rigata daga jikin maɓallin a hankali. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

Aka koma farko, cinikin ya ja baya, aka yi wa maɓallin murfi.

Da na dawo gida maiɗakina ta ce, "Sun ga adon?"

Na ce, "Sun gani."

Tun daga ranar, in ta ce in sake kaya, ba na tambayar dalili.