Yatsa a Baki a Magazar Fatu

Ba zan taɓa mantawa da ƙarfe tara na wata safiyar Talata a Madawa ba. Shekarar da hatsi ya ƙi ce, ni kuma na fito lakwal, makarantar boko, ke nan, wani kamfanin sayen fatu ya ɗauke ni aiki a magazarsa, wato ɗakin ajiyar fatu, don na iya karatu. Gidanmu a Azarori babu ko damin gero, kowa ni yake kallo.

An ce ba mai taɓa aiki sai an horar da shi, wanda ya kasa kuma ya kama hanya. Mu shida ne, ni kaɗai mace. Baba Idi, tsohon da ke koyar da mu, ya nuna mana kwamin da ake tsoma fatu cikin ruwan guba don kada ƙwari su ci su. Ya ce hannun da ya taɓa fata ba ya zuwa baki sai an wanke shi da toka. Na haddace maganar tsaf (haddar ai ita ce gwanintata, har tausayin sauran nake ji).

Safiyar Talatar nan sai ya ce in ware masa busassun fatun awaki da aka tsoma a gubar, suka manne. Ta farko ta ƙi rabuwa. Na yi abin da nake yi wa shafin littafi tun ina ƙarama: na lashi yatsa, na ɗaga. Na sake lasa, na sake. Ina ma jin daɗin saurina.

Ban san tsoho na da gudu haka ba. Ya danne ni a ƙasa, aka ɗura mini ruwan gishiri da madara, aka zura mini gashin kaza a maƙogwaro. Ni da ko tari ba na yi gaban maza, na amayar da kunun safe a kan takalmin Bature mai kamfanin, da ya zo ganin abin da ya faru. Kallabina ya faɗi, ba wanda ya yi dariya, abin da ya fi ƙona mini rai ke nan. Ranar na gane kai ne ke hadda, hannu bai san an yi ba.

Kwana biyu ina kwance, ina jiran kora. Ba a kore ni ba. Da na koma, na durƙusa na gode wa Baba Idi, na tambaye shi me ya sa kamfani ke damuwa da ranmu har haka.

Ya dube ni ya ce, "Ɗiyata, ba ranki ba ne. Wanda kika gada fura ya dama bai wanke hannu ba. Da ya mutu ma'aikata suka watse, magaza ta yi wata guda a rufe, ana tsakiyar sayen fatu."