Ranar da na ɗauko ɗan fim ya wanke kwamfutocina

Ba zan taɓa mantawa ba da asabar ɗin da na tara iyayen ɗalibaina a Gyaɗi-Gyaɗi, na kunyata kaina da hannuna.

Makarantar koyon kwamfuta gare ni, ƙarama, kuma da ita nake ci da iyali. A shekarar ne na sauke tsohuwar manhajar da ke tafiyar da kwamfutocin, na ɗora sabuwa, don a ce mun waye. Wayyo! Ka kunna kwamfuta, ka je ka yi alwala ka dawo, ba ta gama buɗewa ba. Ɗalibai suka raɗa mata suna Sai Gobe, suka fara zamewa ɗaya bayan ɗaya zuwa wata makaranta a Tarauni. Hankalina ya tashi ƙwarai.

Madam Rifkatu, malamarmu 'yar Kudancin Kaduna, ta ce, "Oga, mu mayar da tsohuwar kawai." Na ƙi (girman kai ne, yanzu na yarda). Na ga masu manhajar ma da aka yi ta zaginta, taurari suka ɗauko suna tallata ta a talabijin. To ni me zai hana? Aka haɗa ni da wani ɗan fim da aka ce duk Kano an san shi. Ni ba mai kallo ba ne, ban tambayi komai ba.

Ranar taro aka kafa rumfa, iyaye suka cika kujeru. Da baƙona ya fito daga mota sai wurin ya yi tsit. Na ɗauka kwarjini ne.

Ya karɓi lasifika ya dafa ƙirji. "Iyayena, ku yarda da ni. Wannan manhaja ba ta da na biyu. Ku kawo 'ya'yanku, amana ce a hannunmu." Sannan ya saki wata 'yar dariya ƙasa-ƙasa.

Wata dattijuwa a layin gaba, Hajiya Tabawa, mai jikoki biyu a wurina, ta miƙe tana gyara mayafi.

"Malam, ba wannan ne ya cinye gadon marayu ba?"

"Hajiya, ai fim ne," in ji baƙon.

"Na sani fim ne, ɗan nan. Amma duk sanda ka ce a yarda da kai ka yi dariyar nan, sai wani ya rasa gidansa." Ta juyo gare ni. "Malam, in kayanka na kirki ne, duk garin nan ka rasa mai shaidarsa sai shi?"

Ashe bawan Allah bai taɓa fitowa a komai ba sai ɗan damfara. Ba wanda ya yi dariya, kuma wannan ya fi yi mini ciwo. Ina tsaye gumi na bin bayana, iyaye suka riƙa tashi suna jan hannun 'ya'yansu. Wallahi na so ƙasa ta tsage in shige.

Aji guda na rasa a makon, kuma sai da na shekara ina bi gida-gida ina ba da haƙuri kafin wasu su dawo. Hajiya ba ta dawo da nata ba.

Abin da na koya shi ne, abin da ya lalace gyara yake so, sanannen mutum ba zai wanke shi ba. In kuwa ka dage sai ka ɗauko shi, don Allah ka fara tambayar matan gidanku da me aka san shi.