Yadda Ake Rubuta Littafin Shirin Talabijin Ta Cikin Madubin Aski

Kyaftin ya mutu a talabijin, amma a littafinmu yana nan garau, yana shan shayi har shafi na ƙarshe. Abin da ya faru ke nan, ba ƙari ba ragi. Shirin kuwa shi ne "Matafiya Bayan Wata", na 'yan sama jannatin nan da ke yawo a kumbo suna neman duniyar da za su sauka. Gidan talabijin suka ce a mai da shi littafi, aikin ya faɗo kan mijin ƙanwata, shi kuma ya faɗo kaina.

Ni mai aski ne. Ban yi nisa a aji ba, amma na daɗe a kan kawunan mutane, na san abin da ke ciki. Ina ba ka tabbaci, in ka bi matakan nan yadda na jera su, za ka fitar da littafi mai bango mai sheƙi, gari zai ɗauka, kuma ba za a kore ka daga aiki ba. Riƙe na ƙarshen nan da kyau, don shi ne maganar.

1. Ka rantse kai ka fi kowa sanin shirin

Mijin ƙanwata, Sanarwa muke ce masa, don aikinsa a gidan talabijin rubuta cigiya da sanarwar taro ne. Aka fara raɗe-raɗin rage ma'aikata, sunansa kuwa na dab da bakin ƙofa. Ran nan Darakta ya tambayi wanda ba ya barin shirin ya wuce shi, Sanarwa ya ɗaga hannu har da miƙewa tsaye. Mutumin da ko kiɗan buɗe shirin bai taɓa kaiwa ƙarshensa ido biyu ba.

Ka yi yadda ya yi. Amfanin rantsuwar shi ne ta rufe maka hanyar komawa: ba ka isa ka je ka roƙi faifan shirin ba, sai a ce ashe ƙarya ka yi.

Ka kuma tabbata akwai abin da zai ci ka in ka faɗi. Gidan da Sanarwa ke ciki na ma'aikata ne. In an kore shi, shi da ƙanwata Auta da yaransu rututu gidana za su tare. Auta har ta zo ta zauna a falona tana auna bango da ido, tana tambayar ko kujerun nan suna naɗewa. Daga ranar na zama mai son adabi.

2. Nemi mashawarcin da talabijin ke kunne a wurin aikinsa

Ni ke nan. Sanarwa ba ya aski a wurina, wani shago yake zuwa mai na'urar sanyi da mujallu, wai hannuna ya cika nauyi. Amma ya san talabijin ɗina ba ya mutuwa. Sai ya riƙa zuwa gidana bayan na tashi aiki, ya zauna yana "Yaya, sai me ya faru?", ni ina ba da labari shi yana zuba Hausa mai daɗi.

Kada ka cika shi da bayanin da bai tambaya ba. Talabijin ɗin a bayana yake rataye, don masu jiran layi a benci. Ni madubi nake fuskanta, ta ciki nake kallo. Ga kukan kilifa a kunnena, ga janareto a bakin ƙofa, ga masu gardamar ƙwallo. Ban taɓa jin muryar ko mutum ɗaya a kumbon nan ba.

Wannan ba matsala ba ce. Sauti na raggwaye ne. Ni da nake gane mai bashi da mai sabon aure daga yadda suka ajiye wuya, ɗan sama jannati ne zai ɓoye mini abin da yake faɗa?

3. Kada ka juya

Mai askin da ya juya kallon talabijin da reza a hannu, kunnen wani ne zai gaya masa. Don haka ka tsaya a kan abin da madubi ya ba ka.

Kyaftin yana da hannun ƙarfe guda. Ni a dama na gan shi, shekara da shekaru. Sai muka yi babi sukutum a kan yadda ya rasa hannun damansa, yadda ya koyi cin abinci da hagu yana ɓarar da miya, yadda ya kasa sa hannu a takardar 'yarsa ta makaranta. Sanarwa yana rubutawa yana share hawaye, har Auta ta leƙo ta ce wa ya mutu.

Ashe a talabijin hannun hagu ne. To, wannan tsakaninsu da madubi.

4. Abin da ba ka gani ba bai faru ba

Makon da aka ce Kyaftin ya mutu, wani mai ƙeya ninki-ninki ne a kujerata. Irin ƙeyar da sai ka buɗa da yatsa ka shiga lungu-lungu. Na daɗe a sunkuye. Da na ɗago, sai na ga mutanen kumbo sun yi layi suna kuka, suna tura wani dogon farin akwati waje cikin taurari. A cikin masu benci, wani har da jan hanci.

Na duba akwatin da kyau. Dogo, fari, da murfi. Firji ne. Na ce lallai firjin kumbo ya lalace, kuma duk wanda ya taɓa rasa firji cike da nama ya san kukan nan ba na wasa ba ne.

Daga nan ban sake ganin Kyaftin ba, sai na ce hutu ya tafi. Kowane ma'aikaci yana da hutu. Muka dawo da shi a babi na gaba da tsaraba, ya yi ƙiba, ya sayo musu sabon firji.

5. In ka ga namiji da mace suna yawan faɗa, ka aurar da su

Matuƙin kumbo da injiniyar kumbo kullum cikin nuna wa juna yatsa suke, in an tsira daga haɗari kuma su rungume juna. Ni na san wannan ciwon. Muka ɗaura musu aure a babin ƙarshe, Kyaftin ne ma ya ba da amarya, da hannunsa na hagu mai lafiya.

Ashe a talabijin wa da ƙanwa ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Wai an faɗa tun kashin farko. Da baki aka faɗa, ka ga kuwa ba da ni aka yi ba.

6. In ka ga biyu, rubuta biyu

Akwai mutum-mutumin ƙarfe a kumbon, Gwangwani, mai gadin ƙofa. Kullum a gefen hoto yake tsaye. Madubina kuma ya tsage daidai wannan gefen tun ranar da wani yaro ya ƙi aski ya yi jifa da burushi. To duk sanda aka nuno ƙofa, Gwangwani biyu nake gani: babba, da wani a jikinsa, ɗan gajere, kafaɗa ɗaya ta fi ɗaya, wuya a karkace.

Sanarwa ya tambaye ni halin ƙaramin. Na gaya masa gaskiyar abin da na gani: duk abin da wansa ya yi shi ma sai ya yi, kuma tunda nake kallo ba wanda ya taɓa juyowa ya yi masa magana. Ko sannu. Sanarwa ya ajiye biro ya ce wannan ai shi ne a ofis. Ya rubuta masa babi uku, ya sa masa Ƙaramin Gwangwani. Ni har na ce ya rage, ƙarfe ne fa.

7. Miƙa aikin a ƙurarren lokaci

Kada ka ba kowa sararin karantawa. Darakta bango ya duba, ya ga an rubuta sunansa daidai a shafin godiya, ya ce a buga.

8. Ranar ƙaddamarwa, zauna kusa da ƙofa

Zauren ya cika da masu kallon shirin, wasu har da hular kwali irin ta 'yan kumbo. Shugabarsu wata likitar haƙori ce, mace mai natsuwa irin ta wanda ya saba mutane su buɗe baki su kasa magana. Aka gama jawabai ta miƙe da littafin a hannu. Na ga yadda ta gyara tabarau, na matsa da kujerata wajen ƙofa.

Ta fara da maganar hannun ƙarfen Kyaftin. Dama na riga na koya wa Sanarwa cewa duk ramin da ya ɓullo a labari, da sararin sama ake cike shi. Ya ce ai a can sama babu dama babu hagu, kumbo juyawa yake yi. Wasu suka tafa. Na ce a raina yau mun sha.

Ta ce to Kyaftin fa, da duniya ta ga an saka gawarsa a akwati? Sanarwa ya waiwayo ni. Na gyaɗa masa kai. Ya gyara makirfo ya ce, da cikakkiyar murya irin ta cigiya, "Wannan akwatin ai firji ne."

Ban taɓa sanin mutane masu hular kwali suna da ƙarfin murya haka ba. Wani dattijo ya ce shi fa sai da ya yi kwana biyu bai ci abinci ba saboda mutuwar nan. Kafin a lafa ta buɗe babin aure ta karanta shi a fili, a hankali, har da addu'ar samun zuriya. Sanarwa ya ɗauki ruwan Darakta ya shanye. Darakta ya raɗa masa wani abu, na karanta leɓensa daga inda nake, don wannan fannina ne: gobe ka same ni a ofis.

Auta ta taɓo ni ta ce, "Yaya, ɗakin bayan nan naka yana yoyo?"

9. Ka bar su su ƙaunaci kuskure ɗaya

Nan ne asirin sana'ar. In ka yi kuskure da yawa, dole ɗaya ya yi farin jini.

Likita ba ta zauna ba. Ta rufe littafin, ta cire tabarau, muryarta ta sauka. Ta ce saura tambaya ɗaya. Ta san babu wani Ƙaramin Gwangwani a shirin, ta bi kashi-kashi ta duba, babu shi. Amma ta karanta babinsa a asibiti, ta bar wani bawan Allah da baki a wangale tana kuka a bayan labule.

"Me ya sa ba mai yi masa magana?" in ji ta. "Shekara da shekaru yana tsaye a ƙofar nan."

Dattijon da ya yi azumin Kyaftin ya ce shi ma abin ya tsaya masa a rai. Wata ta ce ɗanta da littafin yake kwana. Kafin ka ce me, masu neman a ƙona littafi sun koma neman a kawo Ƙaramin Gwangwani talabijin, in ba haka ba su daina kallo. Na ga Darakta ya daina hararar Sanarwa ya koma auna shi, daga kai zuwa ƙafa, yadda Auta ke auna falona.

10. Karɓi abin da aka ba ka

Washegari Darakta ya ce wa Sanarwa ba zai kore shi ba. Amma ba shi da halin ɗaukar sabon ɗan wasa, kuma Sanarwa gajere ne daidai misali. "Kai ka haife shi," in ji shi, "kai za ka shiga cikinsa."

Wani mai walda ya ƙera rigar Ƙaramin Gwangwani daga tsohon durom. Hular ta yi kaɗan, ba ta shiga sai kai ya zama tal kwabo, masu na'urar sanyi kuwa ba su iya irin wannan ba. Sai ga Sanarwa a kujerata, karon farko tun da ya auri ƙanwata. Na ɗaura masa ƙyalle, na kunna kilifa. Ana maimaita wani tsohon kashi a lokacin. Ya ɗaga ido ya kalli madubi, ya ga Kyaftin da hannun ƙarfe a dama. Aka nuno ƙofar kumbo. Ya bi tsagin madubin da ido tun daga sama har ƙasa, ya ga babba, ya ga ƙarami. Ya daɗe yana kallo.

"Yaya," ya ce a hankali, "ta nan kake kallo?"

Na ce, "Sunkuyar da kanka."

Gargaɗi

Na yi alkawarin littafi, an buga. Na yi alkawarin gari zai ɗauka, ya ɗauka. Na yi alkawarin aiki, yana nan, kuma falona ni kaɗai nake miƙe ƙafa a ciki. Bayan wannan, duk abin da ya same ka ba ruwana, ba ruwan shagona, ba ruwan madubina, wanda har gobe ban canza shi ba don ba abin da ya yi. Wanda aka tayar wa da mamaci, ko aka aurar masa da 'yan'uwa, ya nemi mai suna a bangon littafi.

Zai same shi a bakin ƙofar kumbo, cikin durom, ƙarƙashin fitilu masu zafin gasa nama. Kai ba gashi, kafaɗa ɗaya sama, wuyan ya saba da karkacewa har a gida haka yake cin abinci. Masu kallo sun ce a nan daɗin yake, don haka Darakta ya kafa doka: kada a ba shi ko kalma ɗaya, kuma kada kowa ya yi masa magana.