Yadda Na Zama Aljanar Tarakta

Har in koma ga Mahaliccina ba zan taɓa mantawa da shekarar da aka karya darajar kuɗin sefa ba, shekarar da autana Mamman ya jawo wata tsohuwar tarakta da shanu tun daga garin Sarkin Yamma, ya girke ta a ƙofar gidanmu a Madarumfa. Ta girme shi, tsatsa ta cinye ta. Ya ce in ta tashi kafin ruwan shuka, zai nome gonar marigayi babansa duka, wadda rabinta ya koma saura.

To, akwai wasu ƙusoshi shida masu zare, bulon suke ce musu, da suka riƙe ƙafar baya da yake son cirewa ya gyara. Mamman ya sa kile, wato sifana, ya hau da ƙafa, ya doka guduma, ko gezau. Sai ya riƙa zuba musu baƙin mai da la'asar, wai su jiƙa.

Ni ban san da wannan ba (wa ke gaya wa tsohuwa zancen ƙarfe?). Abin da na gani kawai, ƙazanta na ɗiga a ƙofar gidan da ake yabo da tsabta. Kullum na idar da asuba sai in ɗauki toka da soso da ruwan kanwa, in dirje ƙusoshin nan tas, in koma ɗaki ina jan carbi.

Kwana tara ana haka. Mamman ya rame. Gari ya ɗauka cewa taraktar na da iska mai shan mai. Ni da kaina na ba da turaren hayaƙa ta, har ina cewa, "Irin waɗannan tsofaffin ƙarafa ba a rasa mai su."

Rana ta goma Mamman ya ɗauko wani makaniki daga Maradi, maza sun cika ƙofar gida. Na fito da fura, na ji baƙon yana cewa, "Ikon Allah, kamar an wanke su!"

Sai na gyara lulluɓi, na ce, "Yaro, kana da ido. Ni ce. Ba don ni ba da ka tarar da su baƙi ƙirin."

Mamman ya zauna a ƙasa, ya dafe kai, ya ce, "Inna... da me?"

"Da toka mana, da kanwa."

Baƙon nan ya ƙware da fura. Liman ya juya baya, kafaɗunsa na rawa. Wani ya ce, "To, ga aljanar ta kawo kanta!"

Aka roƙe ni in huta. Kwana huɗu ƙusoshin suka sha mai, suka kwance ɗaya bayan ɗaya, na ƙarshe sai da aka gasa shi da wuta. Gona ta nomu, ko da yake maƙwabta sun riga mu shuka.

Tun daga ranar, ko jikana na gani ya yi duƙun-duƙun, ba na taɓa soso sai na tambayi uwarsa: wanka yake so, ko jiƙa shi aka yi?