Rasuwar Baba Rumbu, Mai Riƙe da Jadawalin Ruwa

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da kuma 'yar kunya da zan yi bayaninta a ƙasa, ni Badamasi Uba, sakataren ƙungiyar manoman rani ta layinmu a Kura, nake sanar da rasuwar kwamfutar ajiyarmu, wadda muke kira Baba Rumbu. Ya rasu ranar Talata da hantsi, yana da shekara tara.

Marigayin mai haƙuri ne. Ya shaƙi ƙaiƙayin injin shinkafar maƙwabta bai taɓa kai ƙara ba. Daga lungunsa yake miƙa wa sauran kwamfutocin ofis takardu ta waya, kuma a cikinsa jadawalin ban ruwa yake: wane Litinin, wane Laraba. Saboda shi aka daina zare wa juna ido a bakin kwatar ban ruwa.

Ciwon ajali ya fara ne da muka canja wayar sadarwa. Sai an raba shi da kwamfutocin kafin a sake haɗawa, shi kuwa ya ƙi. Duk umarnin da na ba shi amsa ɗaya ce: bizi, wato wai yana kan aiki. Kwana uku yana bizi, alhali ba mu ga aikin da yake yi ba.

Injiniya Rahma Tambaya, wadda ta haɗa mana shi, ta yi bayani ta tarho cewa wani ne ya bar fayil a buɗe, a nemo shi a rufe, kada a yi ƙarfi. Muka zargi kowa. Ni na fi kowa ɗaga murya.

Shugabanmu Alhaji Sammani ya ce shi ya san maganin ƙofar ruwa in ta cije. Ya ɗaka masa duka biyu a gefe, ya zare wuta ya mayar har sau bakwai. A na bakwai marigayin ya ce ƙat, ƙat, ƙirrr. Bai ƙara cewa komai ba.

Da injiniya ta zo ta bincika, ta gano mai riƙe da fayil ɗin. Laftof ɗina ne. Hoton albasata ta bara na buɗe tun ƙaramar salla ina nuna wa baƙi, ban taɓa rufewa ba. Ashe gaskiya Baba yake faɗa, hidimata yake yi. Wallahi abin ya tsaya mini a rai.

Ya bar kwamfutoci biyu marayu, da firinta mai larurar cin takarda, da filashin da aka saya don kwafe jadawalin, wanda shekara uku ke nan yana motar shugaba cike da waƙoƙi. Ya kuma bar manoma arba'in da biyu, goma sha tara daga cikinsu sun riga sun rantse Litinin tasu ce. Gonata ce ta ƙarshe a layin, tumatirina ya fara sunkuyar da kai.

Za a kai gawar wurin mai jari bola ranar Alhamis bayan la'asar. Zaman makoki a bakin kwata, kowa ya taho da shaidu biyu kan ranar ruwansa. Ni ranata a ƙwaƙwalwar marigayi kaɗai take, don ban taɓa ganin dalilin haddace ta ba. Wanda ya tuna, don Allah ya faɗa mini kafin a ɗora Baba a sikeli.