Yarinyar Bakin Rijiya

Ana gobe 'yata Hafsa za ta fara nazare a Kibiya, na ce wa uwarta ta huta, shirin makaranta aikin masu ilimi ne. Na wanke yunifom, na zazzage masa rabin ledar sitaci, na shanya a igiyar bakin rijiya, na jera takalman a ƙasansa.

Da asuba na dawo daga masallaci, gari bai gama wayewa ba. Ina shiga gida na ga yarinya tsaye a bakin rijiya, hannuwa a buɗe, ba kai. Ko ganye ba ya motsi, amma ita tana juyowa a hankali. Na ce, "Hafsa?" Ayatul Kursiyyu ta maƙale mini a tsakiya.

A guje na ɗauko maƙwabcinmu Malam Sani. Ya yi tofi a buta, na sheƙa mata daga nesa. Ta langaɓe.

Matata ta leƙo ta ce, "Baban Hafsa, aljanar da ka wanke jiya ce?"

Da kayan gida Hafsa ta je ranar farko. Yanzu tana aji uku, amma duk wanda zai yi shanya a layinmu sai ya aiko a sanar da ni.