Garin da Zakara Ke Tsufa

Jiya da la'asar na dawo daga gaisuwa da takalmi ƙafa ɗaya. Ɗayar tana can cikin taɓon ƙorama, in kwaɗi sun ga dama su gaje ta. Wuyana ya kumbura da cizon ƙudan tsando, hammatata babu zakaran da na tafi da shi, ga kuma magidanta bakwai zaune a gindin ɗorawa suna jirana da irin fuskar da ake yi wa akuyar da aka kama a gonar gyaɗa. Tsarabar da na riƙo musu kuwa alkawari ce. Ku dakata, jama'a, in faro muku daga tushe, ko mai shirin kwashe iyalinsa zuwa ƙauye zai ƙaru da wautata.

Ni Mudi, shekara sittin da 'yan kai na yi a wani gari mai ganuwa tsakanin Malumfashi da Bakori. Ba zan faɗi sunansa ba, ina da sauran dangi a ciki. Babbanmu, Allah ya ja zamaninsa, a bayan ido Sarkin Baɗi muke ce masa, don ban taɓa ganin mai ƙaunar shekara mai zuwa kamarsa ba. Shekara goma sha uku ke nan da ya tara mu zai haƙa mana sabuwar rijiya. Aka yi kiɗa, aka yanka sa, ya karɓi dagi da hannunsa mai albarka ya sari ƙasa sau uku. Har yau ramin bai kai gwiwa ba, amma 'yan tsaki suna jin daɗin birgima a ciki, ai ka ga ba a yi asara ba. Mata kuwa suna nan suna jera tuluna a bakin tsohuwar rijiya tun asuba har hantsi. Ganuwa ma duk shekara sai an kira mu gyaranta, kuma ba a tuna ta sai tsakiyar noman farko, ciyawa na cinye mana dawa. Da duk wannan gyaran, akwai wata kafa ta gabas da jaki ke wucewa da mangala bai gogi ko gefe ba.

Sai manzonsa, wanda muke kira Baban Akushi. Wannan mutum ne mai zumunci. Bai taɓa zuwa karɓar komai ba, gaisuwa kawai yake zuwa. Sai dai gaisuwar tasa dawaki huɗu gare ta da baki bakwai, kuma kwana uku take yi. Mutane su ci kaji, dawaki su ci dawa da harawa. Ran tafiya ya shi mana albarka har hawaye na zubo masa.

Bana, bazara ba ta ko kama ba, matata Hajo ta kira ni bayan ɗaki, ta ƙwanƙwasa rumbu da muciya.

"Malam, saurara. Wannan rumbu ne ko ganga?"

"Ƙararsa dai da daɗi," na ce.

"To ka dafa wa jikokinka ƙarar. Ɗanka Abdussamad ya noma har bayansa ya lanƙwashe, amma dawar a cikin dokin wani ta kwana. Ka tashi ka nemo mana inda abin da muka noma zai shiga bakinmu. Kafin ruwan farko, Malam. Ba baɗi ba."

Masu neman wurin zama sukan tambayi ƙasa, su tambayi ruwa, su tambayi kasuwa. Ni na san duk ƙauyen da ka tambaya ce maka za a yi zamansu da sauƙi, don suna son ƙarin wanda za a raba nauyin baƙi da shi. Sai na tuna wani abu da na daɗe ina lura da shi, wanda duk na gaya wa sai ya ce tsufa ya fara taɓa ni. A garinmu na yi shekara ashirin ban ji carar cikakken zakara ba. Duk masu tashe mu da asuba 'yan samari ne, murya na rawa, don babu wanda ke kaiwa ga girma bai gamu da akushi ba. Na ce to, mutum ya iya ɓoye gaskiya, zakara bai iya ba. Garin da zakara ya tsufa, nan talaka zai tsufa.

Na ɗauki sanda da buta, na yi kwana tara ina yawo. Wani ƙauye gabas da Funtuwa, baƙar ƙasa mai kyau, audugar bara har yanzu tana maƙale a kara, amma da asuba zakaransu ya yi wata 'yar cara kamar mai neman gafara. Na wuce. Wani kuma a bakin hanyar fatake, ina zaune jaki ya taho ƙwas ƙwas, sai na ga kajin garin kaf sun ruga cikin sabara sun lafe. Kofato suka ji, ba su tsaya tantance na wane ne ba. Na uku ma sun bar kiwon kaji, sun koma zabi, wai zabo yana tashi sama. Na ce wannan dabara ce. Mai masaukina ya girgiza kai, ya ce tun bara manzo da maharbi yake zuwa.

Ran na takwas na yi yamma, wajen Ɗandume, na faɗa wani kurmi mai duhu. A tsakiyarsa akwai ƙoramar da ba ta ƙafewa, taɓo har cinya, ƙudan tsando kuwa kamar an aiko su musamman. Na fito a kan wani tudu mai gidaje bakwai, rumbunan sun fi ɗakunan yawa. Da gari ya waye aka yi wata cara da sai da na dafe ƙirji. Na leƙa, sai ga jan zakara, tsawonsa ya kusa na ɗan akuya, yana tafiya a tsakar gida a hankali, tafiyar wanda bai taɓa ganin baƙo ba.

Mai shi Ɗanjuma ne, Bamaguje, shi ne babban tudun.

"Shekararsa nawa?" na tambaye shi.

"Shida."

"Ubansa fa?"

"Tsufa ya kashe shi."

Jama'a, sai da na share ido. Na ce, "Doki ba ya zuwa nan?"

"Aradu, uku suka gwada. Tsando ya yi musu sannu da zuwa, babu wanda ya ga kaka."

Na tambayi abin da ake biɗa ga mai son zama. Ya ce in an kira gayya in fito, kada in sare ɗorawa ko kaɗanya, kada in taɓa kukar da suke yi wa yanka. "Giyarmu tamu, sallarka taka. In ka ga dama ka yi kiran da ƙarfi, zakara ya samu abokin aiki."

Da na koma, Hajo ta ce, "Babu ganuwa fa? In mahara suka zo?" Na ce mahara ma a kan doki suke zuwa. Sai ta fara ɗaure tukwane. Muka taso da jaki biyu da jikoki uku da Abdussamad da matarsa. Ranar da muka iso, Ɗanjuma ya kamo jan zakaran nan da kansa ya ba ni, wai tunda ni ne mutum na farko da ya taɓa gaida zakaran kafin ya gaida mai gida.

To, ga inda na kwafsa. Tudun nan, duk nisansa, yana cikin ƙasar Sarkin Baɗi, kuma baƙo ba ya sa gatari a daji sai ya je ya yi gaisuwa an ce masa je ka. Ashe mutanen tudu suna da shirinsu na wannan tafiya tun kakanni. Ɗanjuma ya kai ni bayan rumbu ya buɗe wani akurki. Ciki wata kaza ce, in dai kaza za a ce mata: wuya babu gashi, ƙirji kamar bakin wuƙa, ido ɗaya a lumshe.

"Wannan ita ce kazar gaisuwa," ya ce. "Ba a ba ta tsaba, sai abin da zai hana ta mutuwa. Sau huɗu tana zuwa, sau huɗu ana cewa a mayar da ita, Allah ya sawwaƙe."

Ya miƙo mini wata riga mai ƙofofi fiye da na ganuwarmu. Ya ce in na isa in yi tari, in ce ƙasar duk marmara ce, birai sun fi mutane yawa.

Na amsa da to. Amma da na kaɗaita da kazar nan, sai jinin birni ya motsa. Ni Mudi, da aka sani a kowane zaure, in shiga gaban manya da wannan abin kunya a hammata? A ce na koma ƙauye na lalace? Na mayar da ita akurki, na sa rigata ta sallah, na sunkuci zakara na bi ta bayan gari.

Da na zube a zauren babba, hira ta tsaya cak. Baban Akushi ya taso ya karɓi zakaran, ya jinjina shi, ya lalubi cinyarsa, leɓensa na motsi kamar mai addu'a.

"Mudi," in ji Sarkin Baɗi, "wannan daga wace ƙasa?"

Nan ne ya kamata in yi tari. Maimakon haka sai na ji bakina yana cewa, "Ranka ya daɗe, ai wannan ƙaraminsu ne."

"Ikon Allah! A ƙasata? Kuma babu mai leƙa bayin Allah nan ya ga lafiyarsu?"

"Ranka ya daɗe, hanyar ce ba ta biyuwa. Ƙorama, ga tsando..."

"Wannan ai hakki ne a wuyanmu. Je ka yi sassabenka. Baɗi war haka, na rantse da rawanin nan, an sare kurmin, an shimfiɗa giginya a kan ƙoramar, doki ya taka har ƙofar gidanku. Ba za mu bar ku cikin maraici ba."

Zaure ya ɗauka, "Allah ya ja zamaninka, uban marayu!" Ni ma na faɗa, har na fi kowa ƙarfi.

Shi ne fa na dawo na tarar da su a gindin ɗorawa. Na faɗi komai, ban rage ba. Ɗanjuma ya daɗe yana kallon ƙafata marar takalmi.

"Ɗan birni," ya ce, "shekara arba'in muna ramar da kaji, kai ka rushe mana a wuni ɗaya."

Na ce su kwantar da hankali, na ba su labarin rijiya da sara uku. Ɗanjuma bai ko murmusa ba.

"Rijiya ta maƙogwaronku ce. Wannan hanya ta maƙogwaronsa ce. Ka taɓa ganin ya manta da abincin rana?"

Wani ya ce a mayar da mu inda muka fito. Na dubi jikokina suna wasa a gindin rumbun mutane, ga hadari ya fara haɗowa ta gabas, ga shi mun riga mun bar gonarmu ta da. Sai Hajo, da ke tsaye da taɓarya a bakin danga, ta yi gyaran murya.

"Malam, aikin nan, wa aka damƙa wa?"

"Baban Akushi."

"A gabanka?"

"A gabana. Aka ce a sare giginyoyin fadamar gari a tara a ƙofar gidansa, kafin a kawo."

Ta jingine taɓarya, ta yi dariya har da riƙe ciki. "Ku tashi ku ci tuwo, bayin Allah. Mutumin da ya tada ginin soro tun kaka ya rasa azara? Ranar da muka taso na wuce ta ƙofarsa, bango ya kai, sama a buɗe. Giginya ta kwana a ƙofar gidan nan, ta tashi ta zo ƙorama? Da ƙafar wa?"

"In babban ya tambaya fa?" in ji Ɗanjuma.

"Sai a ce masa baɗi. Ai ya san maganar, shi ya koya musu."

Ɗanjuma ya fashe da dariya, sauran suka bi. Aka yarda mu zauna. Yau da safe Abdussamad ya shiga daji da gatari, an nuna masa wuri mai kyau gab da fadama.

Don haka, mai neman wurin zama mai sauƙi, ka kwana a garin ka saurari asuba. In ka samu inda zakara ke tsufa, ka riƙe bakinka, ka sa yagaggiyar riga. Kuma ku taya ni addu'ar da ban taɓa zaton zan yi ba: Allah ya ƙara wa Baban Akushi lafiya da son gini, in ya gama soron nan ya ga ya yi masa kaɗan. Shiriya kuwa muna roƙa masa ita, amma ba da gaggawa ba.

Ni dai ban tsira haka nan ba. An yanke mini hukunci, ni ne mai kula da kazar gaisuwa, kuma Hajo ce ke sa ido kada tausayi ya sa in watsa mata gero. Ɗazu na buɗe akurkin, ta ɗago ido ɗayan nan ta dube ni, na dube ta. Aikin nan nata na rama da zuwa gaisuwa, shekara sittin na yi ina yinsa a birni, ni dai ba a taɓa cewa a mayar da ni gida, Allah ya sawwaƙe ba.